Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke tsakanin Cadawa da Agye ya san ba zakara kaɗai ke tada mutane ba. Tun assalatu za ka ji ƙarar jarkoki da tuluna, mata da 'yan mata sun nufi bakin rijiya. Wata safiya da rani na tsaya a irin wannan rijiya ina kallon wata yarinya da ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Guganta na roba ne, ya tsufa, ɗinkin gindinsa ya saki. Takan zura shi har ya taɓa ruwa, ta girgiza igiya ya cika fal, sannan ta shiga ja. Kafin ya iso baki kana jin ruwa yana komawa inda ya fito, tsulul-tsulul. Abin da take juyewa a tulu bai kai rabin abin da ta ɗebo ba. Ƙawayenta sun cika, sun naɗa gammo, sun kai gida sun dawo, ita tana nan, tafin hannunta ya yi jawur. Wata tsohuwa da ke jiran a ba ta wuri ta dube ta, ta ce, "Ke 'yar nan, rijiya ta bayar, guga ya hana."

Hausawa kan yi wannan karin magana ne idan mai abu ya yi kyauta, ɗan aike ya danne. Amma tun ranar nan nake jin ta da wata ma'ana. A duk bakin rijiyar babu wanda ya kai yarinyar nan jan igiya, rijiyar kuma ba ta ƙafe ba. Asarar tana tsakanin ruwa da tulu ne. In aka tambaye ni abin da ya sa talauci ya yi zaman dirshan a gidajen manoman Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ga amsata: mutane ne masu jan ruwa da guga mai ɓula.

Mai cewa ragwanci ne, ya hau mota a watan Agusta daga Gidan Rumji, ya ratsa Tibiri da Maraɗi, ya miƙe ta Cadawa da Agye har Gazawa. Dama da hagu ba zai ga taki goma na ƙasar da aka bari ba noma ba. Hatsi ne da dawa, wake a tsakaninsu, ga gyaɗa, ga riɗi, ga ayar da aka san yankin Cadawa da Agye da ita. Da kaka manyan motoci ne ke lodin wake da aya da riɗi, su bi ta Ɗan Isa da Jibiya har kasuwar Dawanau ta Kano. Amma a wannan jiha ta Maraɗi, wadda ake yi wa kallon rumbun Nijar, tamowa ta fi yi wa yara kamun kazar kuku a shekarar 2005, bayan fari da fara sun ɓata daminar 2004. A shekarar, ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a ƙasar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne, akwai hatsi jibge a kasuwa. Kuɗin saye ne babu. Tun da daɗewa masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda aka ba lambar Nobel a 1998, ya nuna cewa haka aka yi a yunwar Bengal ta 1943: abinci bai ƙare a ƙasa ba, hannun talaka ne ya kasa kai wa gare shi.

To, ina ɓular take? Babbarta tana buɗewa ne da kaka. Manomi ya yanke hatsi, ya ɗaure dammuna, kafin ya gama jerawa a rumbu masu bin sa bashi sun yi sallama. Ga haraji, ga sunan da aka ɗage, ga auren ɗiya da aka sa wa rana "bayan kaka", ga tufafin yara. Duk ƙauyen rana ɗaya suke bukatar kuɗi, don haka rana ɗaya suke kai hatsi kasuwa, tiya kuma ta faɗi warwas. Ɗan kasuwa mai sito ya saya ya kulle. Wata shida ko bakwai bayan haka, rumbu ya yi ƙasa, manomin nan zai koma kasuwar da kwano a hannu ya sayi hatsin da shi ya noma, da tsadar da ta ninka. A 2005 buhun da akan saya wajen jika goma da kaka a shekara mai albarka ya doshi jika talatin a tsakiyar damina. Ba na ɗora wa ɗan kasuwa laifin duka, shi ma kuɗinsa ya zuba, wata shekarar kuma yakan faɗi. Sai dai mai iya jira shi ke cin riba, talaka kuwa jira ne ba ya iyawa.

Daga nan sai magana ta biyu ta shigo: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwan shuka ya sauka, ranar da ya kamata maigida ya duƙa a gonarsa, ranar ce tukunya ba ta hau murhu ba. Wani ma irin da ya ɓoye an riga an daka an sha fura. Sai ya saɓa hauya ya tafi barema gonar mai hali, ya yini yana noman firi a ba shi abin awon tiya ɗaya ko biyu. Kafin ya juyo kan tasa gonar ciyawa ta sha kan shuka. Gonar da aka makara wa noman firi, maimai ba ya ceto ta. Da kaka mai hali ya ɗaure dami ya ƙara, shi kuma ya tashi da abin da bai kai na bara ba. In abin ya yi tsanani sai ya ci bashin da za a biya da dami, ko ya ba da jinginar gona. Jingina kuwa sau da yawa ƙanwar sayarwa ce. Wanda ya shiga wannan zagaye, yunwar bana ce ke shuka masa ta baɗi.

Ɓula ta gaba ita ce ciwo. Allah da ikonSa, lokacin da rumbu ke wayam, ana ta kwaɗon tafasa da yaɗiya kafin a fara cin tumu, shi ne lokacin malka, lokacin sauro. Zazzaɓi ya sami yaro da cikin da babu komai, ya kada shi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma daga 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata da damina, abin da ya ceci rayuka masu yawa. Duk da haka kuɗin kabu-kabu zuwa gidan likita, da maganin da za a ce a sayo a waje, da kwanakin da uwa za ta yi tana jinya ba ta taɓa sana'a ba, duka daga aljihun gida suke fita. Akuyar da ake tattali don ta haihu, ita ake ja zuwa kasuwa a sayar yadda ta kama. Yaron da tamowa ta taɓa tun yana goye kuwa, ko ya tashi, yakan tashi da rauni a jiki da kuma wajen ɗaukar karatu. An miƙa masa guga mai ɓula ke nan tun bai san hanyar rijiya ba.

Akwai kuma ƙananan ɓuloli da ido ba ya kula da su. Ƙwaro ya shiga wake ya mayar da shi gari cikin wata biyu, shi ya sa ma manomi ke gaggawar rabuwa da shi da arha. Tsutsa ta bi zangarniyar hatsi tun a gona. Gara da ɓera su ci rabonsu a rumbu. Mace ta ɓata rabin yininta tsakanin rijiya da turmi da neman itace, lokacin da da ta yi ƙuli-ƙuli ko ta saƙa tabarmar kaba ta Gulbin Kaba ta sami na cefane. Ɗigo-ɗigo ne, amma da ɗigo tulu ke ƙin cika.

Kada mu yaudari kanmu, ita ma rijiyar ta ƙara zurfi. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar. Ta 2012 ta sami miliyan 17, kuma jihar Maraɗi ce ta biyu, bayan Damagaram, da wajen miliyan 3 da dubu 400. Binciken lafiya na shekarar ya nuna mace ɗaya a ƙasar kan haifi 'ya'ya bakwai zuwa takwas. Ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa. Gandun da kaka ya noma da 'ya'yansa, an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki, har ya koma kamar ƙyallaye. A da akan bar gona ta huta shekaru, ta yi saura, dabbobin Fulani su kwana a kanta su bar taki. Yanzu wa zai bar gona ta huta alhali ita ke nan gare shi? Ƙasa ta gaji, ƙuduji ya samu wurin zama, takin zamani kuma ya fi ƙarfin aljihu. Da wuri ya ƙure, wadda aka fara turewa ita ce mace: gamanar da miji kan yanka wa matarsa ta noma abin kanta, a ƙauyuka da dama na kudancin Maraɗi ta ƙanƙance ko ta ɓace. Abin da mace ta noma a gamana kuwa, kowa ya sani, bakin yara yake tafiya kai tsaye.

Guga ya yi yawa a rijiya ɗaya, dole igiyoyi su sarƙe. Gona ta cinye burtali, dabba ta faɗa gona, magana ta tashi. Mutanen Gidan Rumji ba su manta da abin da ya auku a Toda a watan Oktoba na 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara na Fulani. A 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin filaye don shata burtali da rubuta shaidar mallakar gona. Inda kwamitocin nan ke aiki da gaskiya, igiya takan warware ba a kai ga zare wuƙa ba.

Sai gajartar igiya. Ko guganka sabo ne fil, in igiyarka ba ta kai ruwa ba, kallo ne naka. Igiyar zamanin nan ilimi ne da sana'a. Saurayin da ya tafi biɗa Kano ko Legas ko Libiya ba karatu ba sana'a, tallan ruwa da dako da gadi ne rabonsa, ya dawo da abin da bai wuce kuɗin mota da buhu ɗaya ba. A Nijar, cikin 'yan mata huɗu uku ana aurar da su kafin shekara 18, kuma a jihar Maraɗi abin ya fi haka. Uban da ya cire ɗiyarsa daga makaranta sau da yawa ba ƙiyayya ce ta sa shi ba. Baki ɗaya yake son ragewa a kan akushi, ko kuwa makarantar rumfar kara ce da ba a shiga sai an gama girbi, malamin ma yau yana nan gobe ba ya nan. Amma yarinyar da ta zama uwa tun ba ta iya karanta takardar magani ba, ita da 'ya'yanta gajeriyar igiya aka bar musu gado.

Wani lokacin kuma ba yoyo ba ne, igiyar ce ke tsinkewa, guga ya faɗa rijiya ɗungurungum. A shekarun 1960 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, kamfanin SONARA na saye, alhazan Maraɗi na tashe. Farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa. A 1984 fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har mutanen Maraɗi suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. A watan Janairun 1994 aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ko ba a rufe iyaka ba, naira ta faɗi a Kano, mai rago da mai wake a kasuwar Gazawa sun ji a jikinsu. Ba a shawarci manomin Gangara ko na Saye Sabuwa a ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma shi ke biya.

Na baya-bayan nan shi ne 'yan bindiga. Daga 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Rumji, ta Gidan Sori da Tibiri, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Talakawan da suka tarbe su sun raba ɗan abin da ke rumbu da su, abin a yaba. Sai dai masifar ba ta tsaya a iyaka ba. Mutumin da aka kore wa shanun huɗa cikin dare, ko aka sa shi sayar da gona don fansar ɗansa, tattalin shekara ashirin ne ya faɗa rijiya a dare ɗaya.

To, yaya ake taimakon mai irin wannan guga? Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗebo ruwa ka zuba masa a tulu. Wannan shi ne rabon abinci da sayar da hatsi da rahusa da ofishin abinci na gwamnati, OPVN, kan yi. Ranar da yaro ke suma don ƙishirwa, babu mai hankalin da zai tsaya wa'azin ɗinkin guga, ruwa za a ba shi. Amma gobe da asuba yarinyar nan za ta koma rijiya da gugan jiya. Hanya ta biyu, wadda ta cinye kuɗi masu yawa, ita ce baƙo ya zo da nasa gugan da aka ƙera a wata ƙasa, bai tambayi zurfin rijiyar ba. An ga injunan da suka lalace aka rasa mai gyara, an ga itatuwan da aka dasa da biki da tafi, rani ɗaya akuya da rana suka gama da su.

Abin da ya yi aiki a ƙasar nan, in ka duba, daga cikinta ya tsiro. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya da ke zaune a Maraɗi, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari ne suka zama abin koyi, don maƙwabta sun ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki a gona, ga ganye da 'ya'yan itace na dabbobi, ga hatsin ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, inda asusun raya noma na FIDA ya daɗe yana aiki da manoma, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, har da mata da makiyaya a ciki. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Wannan shi ne yasar rijiya. Kuma bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji mai cin tara ba, haƙƙin da gwamnati ta tabbatar da doka a 2020.

Ɗinkin ɓular kaka ma an gwada shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da tsarin jinginar amfanin gona: ƙungiyar manoma ta tara buhunanta a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun manoma, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. Manomi ya karɓi kuɗi ya biya bukatar kaka, ya yi kiwon rago ko noman rani, in bazara ta zo a buɗe sito, ya biya, ya kwashi hatsinsa lokacin da yake da daraja. Ba kullum ake dacewa ba, akwai shekarar da farashi ba ya tashi, amma an ba talaka abin da bai taɓa samu ba, wato ikon jira. Bayan 2005 kuma aka kafa rumbunan mata a ƙauyukan Agye, inda gida kan ranci hatsi a tsakiyar damina ya mayar da kaka, don maigida ya tsaya a gonarsa maimakon barema. Ga buhun nan mai leda biyu a ciki, PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken noma na cibiyar INRAN ta Nijar suka yaɗa daga 2007: a zuba wake, a ɗaure tamau, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu, ba a sa ko ɗigon guba ba.

Ruwan ciki kuwa, mata ne suka nuna hanya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, bisa tushen adashin da iyayenmu mata suka gada. Mata su haɗu mako-mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati, mai bukata ta ranta ta ja jari, a ƙarshen zango a fasa a raba. Ba a kawo musu ko dala daga waje ba. Wannan dubara da aka haifa a ƙauyukanmu yau ana yin ta a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Daga baya gwamnati, da tallafin Bankin Duniya, ta kawo shirin ba matan gidajen da suka fi rauni jika goma-goma kowane wata har shekara biyu. Da aka ƙara wa wasunsu jarin jika tamanin a dunƙule, da horo, da asusun adashi, da zaman tattaunawa da mutanen gari don maza da dattawa su goyi baya, binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna sana'o'in matan sun ƙaru, cin abincin gidajen ya inganta. Masu cewa in ka ba talaka kuɗi zai cinye ne, ga amsarsu. Wanda cikinsa ke da ruwa ya fi jan igiya.

A kowace unguwa ta ƙauye akwai gidan da aka sani da ƙugiya. Guga ya faɗa, a aika yaro ya aro, a lalubo shi, ba a biyan ko sisi. Al'umma ma tana bukatar ƙugiyarta, don faɗuwa ɗaya kada ta zama ta har abada. Muna da ita tun asali: gayya, da gudummawar biki, da zakkar amfanin gona, dami ɗaya cikin goma ga wanda nomansa ya kai nisabi. Da za a fitar da zakkar nan yadda Allah Ya ce, ta isa hannun masu ita, su kuma a taimake su da wurin ajiya har zuwa damina, da gidaje da yawa ba su kai ga jinginar gona ba. Ƙugiyar hukuma kuma ita ce hatsin rahusa ya iso ƙauye kafin noman firi, ba bayan an fara cin tumu ba, magani ya kasance a gidan likita a watan malka, jami'an tsaro su kasance inda manomi zai kwana da shanunsa ba fargaba.

Sauran aikin hukuma a bayyane yake. Hanyar da motar kaya za ta shiga ƙauye da damina. Takin da za a sayar a ƙananan ƙulli daidai aljihu, tunda an nuna cewa ɗan tsunkule da yatsa uku a ramin shuka yana ƙara amfani. Ajin bulo da malamin da ke zama. Injin matsar man gyaɗa da na sarrafa aya da riɗi a nan gida, don kada kullum mu sayar da ɗanye mu sayo sarrafaffe. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi zai iya rage tsadar kai kaya, amma jirgi ba ya ɗinke guga. In manomi na nan yana sayarwa da kaka don dole, jirgin zai ƙara saurin kwashe hatsin ne kawai.

Mu ma akwai namu. Bikin da za a ci rabin rumbu a kwana uku don kada a ce an gaza, ɓula ce da hannunmu muka huda. Hana ɗiya mace gadon gona, alhali addini ya yanka mata rabonta, zalunci ne da ke komawa kan jikoki. Tazarar haihuwa ba baƙuwar al'ada ba ce, kakanninmu mata sai sun yaye goyo bayan shekara biyu, jiki ya huta, kafin wani ciki. Barin yarinya ta gama makaranta kuwa ƙarin gaba ne a igiyar gidan da za ta shiga. Waɗannan ba sai an jira wata ƙungiya daga Turai ba. Magana ce ta maigida da uwargida, da liman, da mai gari.

Yarinyar nan ta bakin rijiya, ba tulun ruwa tsohuwar ta ba ta ba. Cewa ta yi ta kai gugan wurin baduku a ɗinke gindin, kafin nan kuma ta ara mata nata. Don haka ina kira ga duk mai niyyar taimakon ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, gwamnati ce, ƙungiya ce, ko ɗan gari ne da Allah Ya buɗa masa a birni: kafin ka ƙirga buhunan da za ka kawo, zauna a tabarma da manomi da matarsa, ka tambaye su a wane wata hatsinsu ke ƙarewa, kuma ta ina yake zurarewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su nuna maka ɓular, kai kuma ka zo da allura da zare.